Bayanka, Yaya!

Zuwa ga Yayana, babban wa madadin uba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da ladabi irin wanda ƙani ke yi wa wansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, kai da Anti da 'yan biyu da takwarana. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi wa aikinka albarka, ya sassauta maka ciwon gwiwar nan da Anti ta tsegunta wa Inna cewa yana tasowa duk sa'ad da hadari ya haɗu. Kai dai ba za ka taɓa faɗa ba, mun san halinka, ko ƙafar ce ta cire za ka ce ɗan targaɗe ne. Mu a nan duk muna lafiya, sai kewarku da ta ƙi jin magani.

Inna tana nan garau, hawan jinin ya sauka tun da likita ya canja mata ƙwaya. An yi mata sabon tabarau, ta saka kwana biyu ta cire, wai tun da ta fara gani sosai ta lura dukanmu mun tsufa, kuma ashe labulen falo ya ƙoɗe, gara ta koma yadda take. Kawu ya yi ritaya, yanzu ba shi da sana'a sai gyaran abin da bai lalace ba. Makon jiya ya kwance fankar ɗakin Inna don ya ga abin da ke sa ta ƙara, yanzu ƙarar ta daina, juyawar ma ta daina. Auta ta gama karatun jinya ta fara aiki a ɗakin haihuwa, kuma duk wanda ya yi atishawa a gidan nan sai ta nemi kama masa hannu ta ƙirga bugun jini. Matar ƙaninka tana gaishe ka da kyau. 'Yarka ta wajena ta fitar da haƙoran gaba guda biyu, ta ƙulle su a tsumma, ta ce ba za a yar ba sai ka zo ka gani.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni a wannan zamani da waya ke aljihun kowa. Wallahi na gwada wayar har sau uku. Da zarar na ji muryarka sai in koma ƙanin nan mai ɗaukar maka jaka: ka tambaye ni aiki in ce lafiya lau, ka tambaye ni gida in ce lafiya lau, ka ce to madalla, in ce to Yaya, mu ajiye. Shekara goma sha biyar ke nan muna wannan hira, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Akwai maganar da nake so in yi maka wadda ba za ta shiga tsakanin lafiya lau biyu ba, don haka ka yi haƙuri ka sami wuri ka zauna, ka miƙe ƙafar nan, ka karanta har ƙarshe. Zan fara da labarin aiki, domin ta nan maganar ta biyo.

Inna ta gaya maka an ɗauke ni kocin ƙwallon kwando a kwaleji, kodayake na ji yadda ta faɗa, wai an ba ni aikin hura usur. Yau wata biyu ke nan da fara aikin. Ranar farko shugabar sashen wasanni ta miƙo mini makullai, ta ce shekara huɗu ke nan ƙungiyar ba ta wuce zagayen farko ba, kuma ita ba kofi take nema ba a bana, so take kawai a daina yi musu dariya in an haɗu taro. Ofishina wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar 'yan kallo, in na miƙe da garaje sai rufin ya gaishe ni a ka. Na tarar da ƙwallaye goma sha ɗaya, huɗu sun sace, da agogon bango da ya tsaya a huɗu saura goma, da wani tsohon kofi da ƙungiyar ta ci tun kafin a haifi 'yan wasan yanzu, wanda Baba mai makulli, dattijon da ke kula da zauren wasan, yake zuba ƙusoshi a ciki. Zauren kuwa tantabaru sun riga mu kama wuri a rufinsa, kwando ɗaya ya karkace, kuma akwai wani katako a kusurwar hagu da in ƙwallo ta faɗa kansa sai ta ƙi tashi. Makon farko ni da Baba ba mu yi komai ba sai hawa tsani da sauka, muka daidaita kwandon, muka ɗinke raga, muka sake jan layukan da suka goge. Na ji daɗin wannan makon ƙwarai, don katako da ƙarfe ba sa yi wa mutum gardama.

'Yan wasana goma sha huɗu ne, kuma Yaya, da ka gan su da sun burge ka. Ga tsayi, ga gudu, ga hannu. Kyaftin ɗinsu suna kiransa Tsani saboda tsawonsa, yana shekarar ƙarshe, kuma wannan ce kakar wasansa ta ƙarshe a kwaleji. In ya tsaya ƙarƙashin kwando ya ɗaga hannuwa sai ka ce an rufe ƙofa. Akwai kuma wani ɗan shekarar farko da suke kira Allura, siriri ne, inda babu hanya nan yake bi ya wuce, kuma Allah ya ba shi ido: kafin abu ya faru a fili ya riga ya hango shi. Na yi kwanaki ina kallonsu ina tambayar kaina, mutane irin waɗannan me ke cinye su kowace shekara? Ban gano ba sai wata safiya da igiyar takalmina ta kwance ana tsakiyar atisaye. Na duƙa in ɗaure, idona ya bar fili, kunnena kaɗai ya rage. Sai na ji ƙarar takalma a kan katako, na ji bugun ƙwallo, na ji kukan tantabaru, amma ban ji muryar ɗan Adam ko ɗaya ba. Mutum goma suna wasa kamar waɗanda aka tara a ɗakin jarrabawa.

Kai ba sai na gaya maka abin da wannan shirun ke jawowa ba. Ka san dabarar nan da muke kira shinge, inda kana tsaron mutum, kana ja da baya da gudu idonka na kan ƙwallo, sai wani daga cikin abokan karawa ya zo ya tsaya cak a bayanka don ka yi karo da shi. Ba ka da hanyar ganinsa, sai in abokin wasanka ya yi maka ihu. To ran nan na sa aka yi wa Tsani shinge da gangan, na tsaya kusa da Allura in ga abin da zai yi. Ya hango abin tun daga nesa, ya kuma buɗe baki, amma ka san da me ya fara? Ya fara da don Allah Yaya, ya bi da ka yi haƙuri, kafin ya kai ga akwai mutum a bayanka Tsani yana ƙasa yana kallon tantabaru. Da na ce su gajarta, sai suka koma kiran Yaya kawai, ga shi kuwa 'yan shekarar ƙarshe huɗu ne a ƙungiyar, kowa Yaya ne, da an kira sai kawuna huɗu su waiwayo lokaci guda, ƙwallo ta wuce ta shiga kwando. Baba mai makulli ya yi dariya har sai da ya jingina da tsintsiyarsa. Ni ma na yi dariyar, amma ba har zuci ba, kuma za ka ji dalili.

Na zauna na rage musu maganar ta koma kalma uku: hagu, dama, bayanka. Babu suna, babu Yaya, babu don Allah. Na ce duk wanda ya ga shinge bai yi ihu ba zai zagaya zauren sau biyar. Sun yi ta zagaye har suka fi 'yan tsere iya gudu, amma baki ya ƙi buɗewa. Abin haushin, in na ware ƙananan su kaɗai sai zauren ya cika da hayaniya kamar tashar mota, da manyan sun shigo sai ka ji tsit. Sau ɗaya Allura ya yi ta maza ya ce wa Tsani bayanka, da 'yar murya kamar mai tambayar hanya. Tsani ya kauce wa shingen, amma ya juyo ya zuba masa wani irin kallo, daga baya kuma na ji cewa a ɗakin canja kaya ya tambaye shi ko yaushe suka zama sa'o'in juna. Daga ranar shirun ya ninka. Na fusata, na yi ta hura usur har kunnena ya riƙa amsawa, na ƙara musu zagaye, na yi wa'azi, duk a banza. Baba ne ya tare ni ina kulle ofis, ya ce Koci an bar jaki ana dukan taiki. Ya ce shi aikinsa makulli ne, kuma a saninsa bakin yaran nan ba ta ciki aka kulle shi ba, ta waje ne, makullin yana aljihun babbansu.

Washegari bayan atisayen safe na kira Tsani ofis. Sai da ya naɗe kansa biyu kafin ya shiga. Ya ƙi zama, ya tsaya a sunkuye hannuwa a baya, da irin ladabin nan da ya fi rashin kunya wuyar sha'ani. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, ya saurara har na gama, sannan ya ce shi bai hana kowa magana ba, amma shekararsa takwas yana wannan wasa, kuma bai ga yadda wanda ya shigo jiya zai riƙa daka masa tsawa a gaban jama'a ba. Har da kawo mini karin magana, wai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce masa gaskiya ne, amma ni ban taɓa ganin babban da Allah ya yi wa ido a ƙeya ba. Ya yi ɗan murmushi irin na wanda ya ji amma bai ɗauka ba. Na dube shi tsaye a wurin, ƙato, mai ƙarfi, mai yarda da kansa, gwiwoyinsa biyu lafiyayyu, sai na ga kamar kai ne kana shekara ashirin da uku. Ban shirya ba, ban yi niyya ba, sai kawai na ji bakina yana ba shi labarin da ban taɓa ba kowa ba, ko matar ƙaninka. Tun da bare ya ji shi, bai kamata mai labarin ya zama shi ne bai ji ba.

Ka tuna wasan ƙarshe na gasar kwalejoji, shekarar da kake kyaftin ni kuma ina shekarar farko, ina murna an saka ni fili ɗaya da Yayana. Saura minti shida a tashi, muna gaba da maki biyu. Kana tsaron ɗan gajeren nan mai lamba bakwai, kana ja da baya da sauri, sai ƙaton nan mai ɗaurin kai ya baro ƙarƙashin kwando ya zo ya dasa ƙafafunsa a bayanka. Yaya, ina wurin. Tsakanina da kai bai fi taku uku ba, kuma na gan shi tun yana tahowa, na ga inda zai tsaya, na ga inda za ka bi. Na buɗe baki. Sai harshena ya tsaya neman yadda zai yi: in kira sunanka, ban taɓa ba tun da aka haife ni, in daka maka tsawa a gaban zaure cike da mutane, da Babanmu a layin gaba, jikina ya ƙi. Ina cikin laluben kalmar da za ta dace da girmanka ka yi karo da shi. Ƙafarka ta dama ta maƙale ƙarƙashin tasa, jikinka ya juya ita ba ta juya ba. Na ji ƙarar, har yau ina jin ta, irin ta ɗanyen reshe in an karya. Abin duka bai kai ƙiftawar ido uku ba, kuma kalma ɗaya ta isa ta hana shi.

Sauran ka fi ni sani. A asibiti ka ce katakon ne yake da santsi, Inna ta ce ƙaddara ce, Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya ce a gode wa Allah da ba baya ba ne. Ni kuma na riƙe jakarka a bakin gado na yi shiru, kowa yana yaba mini, wai ƙanin kirki, ko abinci ya kasa ci don tausayin wansa. Ba tausayi ne kaɗai ya hana ni ci ba. Mutanen babbar ƙungiyar nan da suka zo kallonka ranar ba su sake dawowa ba, ka yi wata takwas da sanda, ka tattara rigunan wasanka ka ba ni, bayan shekara biyu ka karɓi aikin da ya kai ka inda kake yanzu. Na yarda da ƙaddara, Yaya, ban taɓa jayayya da ita ba. Amma na san Allah ya ba ni ido ya ba ni baki a ranar, na yi aiki da ɗaya na ajiye ɗaya. Ana cewa baki shi ke yanka wuya, ni rashin bakina ne ya karya maka gwiwa. Kunyar da ta hana ni ihu a fili ita ce ta ci gaba da hana ni gaya maka, shekara ta bi shekara, har ya zama in na ga kana ɗingishi zuwa mota sai in sami abin dubawa a ƙasa.

Na gama ba Tsani labarin. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon gwiwoyinsa, sannan ya tambaye ni ko Yayan nawa ya sake wasa. Na ce a'a. Ya yi mini sallama ya fita, har da buga kansa a rufi. Na zauna ina cizon yatsa, na ce na tona cikina a banza. Da yamma na fito fili sai na tarar an watsa kujerun roba kusan ashirin a tsakiyarsa, 'yan wasa sun yi cirko-cirko. Tsani ya ɗauki tawul ya ɗaure idanunsa da kansa, ya tsaya ƙarƙashin kwando ɗaya ya juya baya, ya ce Allura ne zai kai shi ɗaya kwandon da baki kawai, kuma da baya zai tafi. Allura ya dube ni kamar in cece shi, na ɗauke kai. Tafiyar farko Tsani ya ture kujera uku, ta huɗun ta ɗauke shi suka zube tare. Ya tashi yana murza ƙwauri, idonsa a ɗaure, ya ce wa Allura ya rantse in ya sake jin don Allah ko ka yi haƙuri kafin a gaya masa inda kujera take, to da kujerar zai bi shi. Zauren ya fashe da dariya, har shi Alluran. Tafiya ta biyu muryar ta ɗan fito. Ta biyar kuwa Baba mai makulli ya leƙo daga waje yana tambaya ko faɗa ake yi.

Tun daga ranar muka mai da shi abin farawa kullum. Kowane babba yana da ƙaramin da ke jansa cikin kujeru, sannan a juya. Tsani da kansa ya kafa musu doka, ba ni ba: ya nuna farin layin da ya kewaye fili ya ce daga nan zuwa ciki babu Yaya, duk wanda ya gani shi ne babba har sai ya faɗa; daga nan zuwa waje kuwa kowa ya san matsayinsa. Kuma haka ake yi. Za ka ga Allura ya gama daka wa Tsani tsawa har jijiyar wuyansa ta fito, ana hura usur na tashi ya ruga ya ɗauko masa jaka da gorar ruwa yana sannu Yaya. Ladabin bai ragu da komai ba, wurin zamansa kawai aka nuna masa. Ashe dai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, mu ne muka ɗauke shi haka.

Asabar da ta wuce muka yi wasan sada zumunci da ƙungiyar ma'aikatan kashe gobara, don in ga ko abin zai tsaya in an haɗu da baƙin fuska. Ƙarti ne, Yaya, kowannensu kamar an haɗa mutum biyu, kuma shinge shi ne abincinsu. Ana cikin kashi na uku na wasan na ga abin yana haɗuwa sak irin na wancan ranar: Tsani yana ja da baya da gudu, idonsa na kan ƙwallo, wani mai faɗin ƙirji ya zagayo ya dasa ƙafa a bayansa, Allura yana gefe taku uku. Na miƙe daga benci, kuma ka san abin kunya? Ni kocin, ni mai wa'azi, bakina ya sake maƙalewa. Sai na ji wata murya ta tsaga zauren da bayanka, da ƙarfin da sai da tantabarun rufi suka tashi gaba ɗaya. Tsani bai ko waiwaya ba, ya goce hagu, ya zagaye mutumin kamar an gaya masa tun jiya, ya tare ƙwallon a sama. Yana komawa ya dafa kan Allura da tafin hannunsa ya wuce. Na koma na zauna na rufe fuskata da allon da nake zana dabaru a kai, shugabar sashe tana tambayata ko lafiya, na ce ƙura ce ta faɗa mini ido. An cinye mu da maki uku. Ban taɓa jin daɗin wasan da na ci kamar yadda na ji daɗin wannan da aka cinye ni ba.

Kada ka ɗauka mun gama gyaruwa. Saura mako uku a buɗe kakar wasa, kuma jifan layi, wanda ake yi babu mai tare ka, har yanzu rabi muke zubarwa. Masu tsaron gefe suna gajiya tun kafin kashi na huɗu, akwai wanda in ya riƙe ƙwallo sai ka ce gadonsa ce, kuma yanzu wata sabuwar matsala ta ɓullo, sun koyi magana har ta yi yawa, jiya sai da na roƙe su su bar alƙalin wasa ya ji usur ɗinsa. Ban yi wa shugabar sashe alkawarin kofi ba. Na dai ce mata bana ko an cinye mu, ba za a cinye mu muna shiru ba, kuma in Allah ya yarda Tsani zai gama shekararsa ta ƙarshe ya fita daga zauren nan da ƙafafunsa biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Baba ya zazzage ƙusoshin daga tsohon kofin ya goge shi, ya ce a bar masa wuri a gefe ko da rabo.

Ban sani ba ko ka daɗe da sanin abin da na rubuta maka. Wani lokaci nakan ce ka gan ni a wurin, ka san na gani, ka ɗora wa katako laifin don ka rufa mini asiri, domin irin halinka ne. Wani lokaci kuma nakan ce ba ka sani ba, kuma takardar nan za ta tayar maka da abin da ya kwanta. Ko wanne ne, ina roƙonka ka yafe mini, ba don na cancanta ba, sai don kai ne babba. In ranka ya ɓaci ka kira ni ka faɗa mini duk abin da ke bakinka, na fi son faɗanka da to madallar nan. In kuma hali ya yi, wasanmu na farko ranar Asabar ta uku ne da ƙarfe huɗu na yamma, kuma na sa an ajiye kujera ɗaya a ƙarshen bencinmu, inda akwai wurin miƙe ƙafa. Yaran sun san akwai wani Yaya da saboda shi suke ihu, Tsani ya tambaye ni kai har sau biyu. Inna ta ce in za ka zo ita ma za ta je, har tabarau za ta saka.

Ka gaishe mini da Anti ƙwarai, ka ce mata kada ta daina kawo mana tsegumin gwiwar nan, ita ce kaɗai jaridarmu. Ka shafa mini kan 'yan biyu, ka ce wa takwarana na ji labarin ya fi ubansa tsayi, to ya sani akwai kocin da ke jiransa. Inna tana sa maka albarka, Kawu yana gaishe ka yana tambaya ko kuna da fanka mai ƙara, Auta da matar ƙaninka da mai haƙora a tsumma duk suna miƙo gaisuwa. Allah ya tsare mana kai, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Saura kalma ɗaya. Na san ta makara da shekara goma sha bakwai, mutumin ya riga ya tsaya, ka riga ka faɗi. Amma taka ce tun ranar, kuma na gaji da riƙe maka ita a baki. Bayanka, Yaya! Daga yau kuma, duk inda ka sa gaba, ka tafi hankali kwance, ina bayanka, kuma bakina a buɗe yake.

Ƙaninka mai ɗaukar maka jaka,
wanda yanzu ake kira Koci.